Wuƙar sojan Amurka a hannun manomi: wata takwas da na yi da ita

Ƙanina da ke karatu a waje ne ya zo mini da ita tsaraba, wuƙa mai siffar Mark 2, wadda duniya ta fi sani da Ka-Bar. Tawa dai ba ta ainihin kamfanin ba ce, wani kamfani ne daban ya ƙera ta a kan zanen. Tsawon ruwanta inci 7, baƙi wuluk, bakinta ya ɗan rankwafo wajen tsini. Mariƙinta ƙananan faifan fata ne aka jera ɗaya bisa ɗaya aka matse, sai wani ƙarfe mai faɗi a gindi.

Ranar Babbar Sallah na fara gwada ta, cike da alfahari. Yanka kam ba a magana, sau ɗaya na ja ragon ya kwanta. Da aka zo fiɗa sai labari ya sha bamban. Na miƙa wa dattijon mahaucin da ke yi mana aiki kowace shekara, ya juya ta a tafin hannu, ya shafa kaifin da babban yatsa, ya ce, "Alhaji, wannan ai gatari ce aka sa wa kube." Na ce, "Haba Baba, gwada dai." Ya gwada, ya huda fatar wuri biyu a gefen ciki, ya ajiye ta a kan buhu ya zaro 'yar siririyar wuƙarsa ta maƙera wadda wasawa ta cinye rabinta. Cikin minti kaɗan ya gama. Gaskiya ya fi ni: ruwan ya yi kauri, tsinin kuma bai san lallaɓa ba.

A gona ne na gane abin da aka yi ta dominsa. Na feƙe turaka da ita, na datse igiya da tsohon tiyo, na sare ƙaya a bakin shinge, na ma buga ƙusa da gindinta ranar da na manta guduma. Ko gezau.

Tarihinta ma haka ya nuna. Sojan Amurka sun fito daga Yaƙin Duniya na Ɗaya da wuƙar faɗan cikin ramukan yaƙi ta 1918, mai mariƙin tagulla da ake zura yatsu ciki don naushi, wadda ban da faɗa ba ta da wani amfani. Bayanta aka yi yayin siririyar wuƙar Fairbairn da Sykes ta Ingila, ta 1941. Sai dai a Yaƙin Duniya na Biyu soja a tsibiran Fasifik ya fi buɗe gwangwani da yanke waya da tonon rami a kan sukar abokin gaba, siraran wuƙaƙen kuwa tsininsu karyewa yake. Shi ya sa a ƙarshen 1942 rundunar Marin, wato sojan Amurka masu kai farmaki daga teku, ta koma wa siffar wuƙar mafarauta, ta ƙara mata tsawo da ƙwari. Kamfanin Camillus ne ya fi ƙera ta da yawa lokacin yaƙin, amma sunan Ka-Bar na kamfanin Union Cutlery da ke Olean a jihar New York shi ya bi ta har yau. Banati ma hanyar nan ya bi: daga dogon tsinke a bakin bindiga ya zama wuƙar aiki, har na bindigar AKM ta Rasha ana haɗa shi da kubensa ya zama almakashin yanke waya.

Af, wannan kwarmin da ke jikin ruwan, wanda samarin unguwarmu suka rantse hanyar jini ce, rage nauyi kawai yake yi.

Inda na sha wuya shi ne kulawa. Ƙarfen irin mai kama kaifi da wuri ne, yana kuma kama tsatsa da wuri. Dare ɗaya na bar ta cikin kube da damshi a watan Agusta, da safe na tarar bakin ya yi ja. Da hunturu ya shigo kuma faifan fatar suka bushe, mariƙin ya fara motsi a hannu. Wani baduku a kasuwarmu ya ce in riƙa shafa masa man kaɗe, na yi, ya ɗan kumbura ya kama, amma har yanzu idan na girgiza ina jin ƙas-ƙas. Kuben ma ɗinkinsa ya warware wajen baki, shi ya sake ɗinke mini.

Ba na yawo da ita cikin gari, kowa ya san halin da ake ciki, ba na son dogon bayani a shingen bincike. Tana rataye a ɗakin gona kusa da lauje. Layya mai zuwa kuwa na riga na ba maƙeri sautun siririya irin ta Baba.