Robinson R22: abin da na faɗa wa Kawu kafin ya taɓa bijimansa

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, Kawu ya aika yaro ya kira ni zaurensa a Wunti, cikin garin Bauchi. Ko gama gaisawa ba mu yi ba ya miƙo mini waya. Bidiyo ne na wani ɗan ƙaramin jirgi mai saukar ungulu yana kora shanu a dajin Ostireliya, yana sunkuyowa har ƙura na tashi, garken kuwa ya miƙe kamar an ja shi da igiya.

Ya ce, "Ɗana, ba irin wannan ka koya ba?"

Na ce, "Shi ne, Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya. Robinson R22 sunansa."

Ya ce, "To nawa ne? Kuma zai yi mini aiki a gonar hanyar Alkaleri?"

Amsar ta kai mu har la'asar. Na ga ya dace in rubuta ta, domin ba Kawu kaɗai ya taɓa yi mini wannan tambaya ba. Samari masu son koyon tuƙi ma suna yawan tare ni da ita. Na yi awa ɗari da arba'in da 'yan kai a cikin wannan jirgi lokacin da nake karatu a Afirka ta Kudu, kusa da Johannesburg, a samfurin da ake kira Beta II. Ina ƙaunarsa, kuma har gobe ina shakkarsa.

Wanda ya zana shi wani injiniyan Amurka ne, Frank Robinson. Ya yi aiki a Cessna da Bell da Hughes, ya shahara a kan farfelar wutsiya, amma manyan kamfanonin nan ba su damu da ƙaramin jirgin da mutum ɗaya zai iya saya ba. Sai ya ajiye aiki a 1973 ya kafa nasa kamfanin a cikin gidansa a Kalifoniya. Jirgin farko ya tashi a watan Agustan 1975, shi da kansa ya tuƙa shi, kuma hukumar jiragen sama ta Amurka ta ba shi takardar amincewa a 1979. Daga nan zuwa yau an ƙera fiye da 4,800. Mutumin ya rasu a 2022 yana da shekara 92.

Duk wanda ya zagaya R22 da idon makaniki zai gane cewa tunani ɗaya ne ya mamaye kan Robinson: a rage nauyi, a rage abin da zai lalace. Jirgin ba kowa a ciki bai wuce kilo 400 ba. Fikafikan babbar farfela biyu ne kacal, faɗin da'irarsu mita 7.7. Babu wani mai taimakon sitiyari; abin da hannunka ya yi, shi ke isa farfela ta cikin sandunan ƙarfe. Maimakon kowace kujera ta sami sandar tuƙinta a tsakanin ƙafafu, sanda ɗaya ce ta fito daga tsakiya, da wani hannu a kanta mai lilo hagu da dama kamar ma'auni, malami ya riƙe gefe, ɗalibi ya riƙe gefe. Wasu matuƙa suna raina wannan sanda. Ni kam ban ga laifinta ba, tana sa shiga da fita sauƙi, kuma bayan awa biyu hannu ya saba. Injin kuwa Lycoming ne mai silinda huɗu, iska ke sanyaya shi, yana zaune a baya a fili, kana iya ganin kusan komai nasa ba ka kwance ko ƙusa ɗaya ba.

Abin da ya fi burge Kawu shi ne da na ce masa bel ne ke kai ƙarfin inji zuwa farfela. Ya ce, "Bel kamar na injin niƙa?" Na ce kusan haka. Idan ka tayar da inji, shi kaɗai ke juyawa, farfela na tsaye. Sai ka ɗaga makunnin kuloci, wani ɗan injin lantarki ya shiga ɗaure bel ɗin guda biyu a hankali, ka ji suna 'yar ƙara irin ta fambel da sanyin safiya, kafin sakan biyar fikafikai sun fara wucewa ta saman kanka ɗaya bayan ɗaya, jirgin yana rangaji a kan ƙafafunsa. A gabanka akwai agogo mai allura biyu, ɗaya ta inji, ɗaya ta farfela. Rayuwarka duka tana kan allurar nan ta biyu. Idan ta sauka ƙasa da kashi 97 cikin ɗari, wani ƙaho zai ɗauki kuka a kunnenka. Har yau idan na ji makamancin wannan sauti a ko'ina, hannuna na hagu motsawa yake yi.

Ba zan manta da ranar da na fara koyon tsayuwa wuri ɗaya a sama ba, irin tsayuwar shaho. Malamina, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya ɗaga jirgin kamar mita ɗaya daga ciyawa, ya tsaya cak, ya ce in karɓa. Cikin sakan uku mun fara lilo, hanci ya yi sama, wutsiya ta karkata, filin gaba ɗaya ya soma yawo a idona. Ya karɓe, jirgin ya natsu nan take. Sai ya kama hannuna na dama ya ɗora a kan cinyata, ya buɗe yatsuna da suka damƙe sandar har jijiya ta fito, ya bar uku kawai a kai. Ya nuna mini wata bishiya can nesa ya ce ita zan kalla, in daina kallon ƙasa. Sai a awa ta tara na iya riƙe shi. Ranar na sauko rigata sharkaf da gumi, na yi sujada a gefen rumfar jirage. Wannan saurin jin hannu da R22 ke da shi, shi ya sa masu sana'ar ke cewa wanda ya iya shi, sauran jirage ba za su ba shi wuya ba. Na gwada, na tarar gaskiya ne.

Amma rashin nauyin nan da ya sa shi araha, shi ne kuma haɗarinsa. Jirgi mai saukar ungulu ba ya faɗowa kamar dutse idan inji ya mutu. Matuƙi yana sauke sandar hagu, wadda take kamar birkin hannu a gefen kujera, sai iskar da ke tasowa daga ƙasa ta ci gaba da juya farfela, kamar 'yar fankar takarda da yara ke sokewa a tsinke su ruga da ita. Da haka ake sauka lafiya. Matsalar ita ce lokacin da kake da shi kafin ka sauke sandar. Kashe injin niƙa ka gani, ƙaton ƙarfen nan nasa zai daɗe yana juyawa. Kashe fankar tebur, nan da nan ta tsaya. Farfelar R22 fankar tebur ce. Ba ka da cikakken sakan biyu. Idan ka bari juyinta ya faɗi sosai, ba ta dawowa. Saboda haka malamina ya riƙa rage mini mai ba sanarwa, sau ba adadi, har hannuna ya koyi sauka kafin ƙwaƙwalwata ta gane abin da ya faru.

Akwai na biyu, wanda ya fi ba ni tsoro. Idan kana hawa sai ka tura sanda gaba da ƙarfi, jikinka zai yi sakayau kamar mota ta haura tudu da gudu. A wannan hali farfela mai fiffike biyu ba ta ɗauke da nauyin jirgin, sai ya mirgina dama. Zuciya za ta ce ka ja hagu, kuma wannan shi ne kuskuren da ke sa gindin farfela ya doki sandar da ke riƙe da ita har ta karye. Daidai shi ne ka fara jawo sandar baya a hankali har nauyi ya dawo, sannan ka gyara. Haɗurran shekarun farko ne suka sa Amurka ta kafa doka ta musamman a 1995 domin R22 da ɗan'uwansa R44, wadda a ciki aka ce ɗalibi ba zai tashi da R22 shi kaɗai ba sai ya yi awa 20 tare da malami. Robinson dai tun farko ba don makarantu ya zana shi ba, don mai kuɗin da ke son zirga-zirgarsa ya yi shi. Arahar ce ta kai shi hannun 'yan koyo.

Da muka zo nan na ce wa Kawu mu ajiye maganar farashi, mu fara da sikeli. Na karɓi biro na juya bayan wata takardar ɗaurin aure da ke kan tabarma. Iyakar nauyin da jirgin zai tashi da shi kilo 622 ne. Cire 400 na jikinsa, saura 222. Kawu kilo 95 ne, ni 78. Saura 49, wato man da bai wuce lita 68 ba, alhali tankunansa biyu suna cin kusan lita 100. Yana shan sama da lita 30 a awa. Ke nan ni da shi awa ɗaya da rabi za mu yi mu nemi ƙasa, idan muna son barin ɗan abin ko-ta-kwana, kuma ba mu ɗauki ko jakar hannu ba. Zai kai mu Gombe daga Bauchi cikin ƙasa da awa guda, amma sai an tanadi man dawowa a can.

Man kuma ba fetur ɗin gidan mai ba ne, ba kuma kananzirin da manyan jirage ke sha a filin Durum ba. Nasa na daban ne, shuɗi, na jirage masu fistin, kuma samunsa a ƙasar nan aiki ne; sai dai a yi odarsa a duro a ajiye, a kuma kiyaye shi daga ruwa da ƙura.

Sai zafi. Bauchi tana kan tudu kamar mita 600 daga teku. A watan Afrilu, idan rana ta kai digiri 40, iska takan yi shara-shara har jirgi ya ji kamar yana sama da mita 1,600. A nan dole in yaba wa mai zanen: ya sa inji mai ƙarfi ya kuma taƙaita shi a ƙarfin doki 131 na minti biyar, 124 na tafiya, saboda ya daɗe bai gaji ba, kuma ya rage wani abu a ajiye domin irin wannan iska. Inda na yi karatu tudu ne da ya fi namu tsayi ba kusa ba, kuma jirgin yana tashi da mutum biyu. Amma da tsakar rana na sha ganin yadda yake nishi, ka ja sandar hagu ka ji babu sauran abin ja. A gonar Kawu, tsakanin dogayen itatuwa, da azahar ɗin bazara, ba zan ɗaga shi da mu biyu ba. Da hunturu kuma hazo ne zai zaunar da shi, domin jirgi ne na tuƙi da ido, wanda ba ya ganin gabansa ba shi da abin yi a sama.

Abu na ƙarshe a takardar shi ne garambawul. Duk awa 2,200 ko shekara 12, wanda ya riga zuwa, sai an kwance jirgin an sabunta manyan sassansa. Makaranta tana cinye awannin nan cikin 'yan shekaru, kuɗinta ya fito. Wanda zai tashi sau biyu a wata kuwa, shekarun ne za su cim masa jirgin na nan kamar sabo, kuma dole ya biya, da dala. Ga rajista da hukumar kula da jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ga inshora, ga injiniya mai lasisi da za a riƙa ɗaukowa daga nesa.

Kawu ya tambaya ko babu wani mai kujera biyu da ya fi shi. Akwai wanda na yi awa shida a ciki, Cabri G2 na Faransa. Sunan ma ɗan akuya yake nufi da Faransanci. Bruno Guimbal, tsohon injiniyan Eurocopter, shi ya zana shi, ya sami amincewar Turai a 2007. Fikafikansa uku ne masu nauyi, saboda haka matsalar dukan sanda ba ta taso ba, kuma idan inji ya mutu kana da ɗan sarari. Farfelar wutsiyarsa tana cikin zobe, ba za ta sari mutum ko reshe cikin sauƙi ba, kujerunsa da tankinsa mai lita 170 an yi su ne da tunanin ranar faɗuwa. Farfelarsa tana juyawa ne saɓanin ta Robinson, don haka ƙafar da ka saba takawa ba ita ba ce, kuma yana son a taka feda, wato abin takawar da ke juya hancin jirgi, sosai ba da tsoro ba. Ya fi tsada a saye, ya fi tsada a haya. Da ƙanena zai fara koyo gobe kuma aljihu zai ɗauka, Cabri zan sa shi. Idan kuɗin bai kai ba, R22 ya isa, da sharaɗin ya sami malami mai tsanani wanda ba ya gajiya da maimaita saukar gaggawa.

Game da shanu kuwa, na gaya wa Kawu gaskiya. Shanun Ostireliya sake suke a filayen da mota za ta wuni ba ta zagaye ba, wasu sai a shekara ba su ga mutum ba, shi ya sa ake tattaro su da jirgi. Nasa farare ne da suka san muryar mai kiwonsu, ya yi kira ɗaya su biyo shi. Ƙarar farfela a kansu tarwatsa su za ta yi. Na tambaye shi abin da yake so jirgin ya yi masa a zahiri. Ya yi shiru, sannan ya ce so yake ya riƙa ganin iyakar gonar da mashayar rafi, saboda ɓarayin shanu, tun da bara aka kore masa guda goma sha ɗaya cikin dare. Na ce wannan aikin ƙaramin jirgi maras matuƙi mai kyamara zai yi shi, kuɗinsa bai wuce na bijimi ɗaya ko biyu ba, kuma zan koya wa ɗansa sarrafa shi cikin sati guda, mu nemi izinin da ake buƙata.

Ya ninke takardar ɗaurin auren ya sa a aljihun gaba, ya ce ranar Asabar in shirya mu je gonar tare in ga wurin da idona.