Wata bakwai ina raba waifai da Raspberry Pi a zauren gidanmu

A ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, sabis ɗin waya nemansa ake yi. Akwai wata tsamiya a bayan firamare, can ake tsayuwa in ana son saƙo ya tafi. Ni malamin sakandare ne, kuma abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya shi ne ɗalibaina masu shirin JAMB. Tun 2015 jarrabawar ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, amma yaronmu sai ranar da ya shiga ɗakin jarrabawa zai fara danna amsa a fuskar na'ura.

Ƙanena da ke karatun kwamfuta a Kano ne ya zo hutun ƙarshen kaka da wata 'yar aba da ba ta cika tafin hannu ba. Ya ce, "Yaya, wannan za ta raba maka waifai, kuma za ta yi abin da ya fi haka." Ƙaramar kwamfuta ce mai suna Raspberry Pi 4, samfurin da ya fito a 2019. Wata gidauniya ce a Ingila ta fara fitar da irinta a 2012 domin yara su koyi kwamfuta a kan kuɗi kaɗan. Ba ta da fuska, ba ta da madannai, duk ƙwaƙwalwarta tana cikin memori irin na waya. Manhajar da take aiki da ita Linux ce, buɗaɗɗiya, kowa yana iya saukewa kyauta ya gyara yadda yake so.

Haɗawar dare ɗaya ta ɗauke shi. Ya sa mata manhajoji biyu: hostapd, mai sa ta shelanta sunanta wayoyi su gani, da dnsmasq, mai bai wa kowace waya adireshinta. Sai modem mai layin waya, wanda muka sa a gorar roba muka ɗaure a kan doguwar sanda a saman zaure, inda sabis yake ɗan kamawa. Igiyar USB da ke haɗa ta da modem ɗin ba ta son wuce mita 5, dole ita ma kwamfutar ta hau sama kusa da rufi.

Batun nisa, kada kowa ya sa rai da yawa. Eriyarta ta ciki ƙarama ce ainun. A zaure da ƙofar gida lafiya lau, amma da ka sa katangar ƙasa biyu tsakaninka da ita, shi ke nan. Mun bar ta a zangon gigahaz 2.4 saboda ya fi na 5 ratsa bango, kuma tsofaffin wayoyin yaran shi kaɗai suke gani. Da wayoyi suka haura takwas, sai na baya su riƙa kasa shiga. Ba don wannan aikin aka gina ta ba tun farko, mu ne muka ɗora mata. Maganin shi ne ƙara mata na'urar waifai ta USB mai doguwar eriya, kuma a nan a yi hattara, ba kowace ce take yarda ta zama mai rabawa a Linux ba. Ta farko da na saya tana nan a akwati.

Wahalar gaske wuta ce. Ba mu da lantarki, sola ce da batir mai bolt 12, ita kuma bolt 5 take so da amfiya 3. Na yi arha na sayi cajar mota marar suna, sai ta riƙa mutuwa tana tashi, jar fitilarta tana ƙyafta ido, alamar wuta ba ta isarta. Wata asuba batir ya ƙare tana tsakiyar rubutu a memori, ta ƙi tashi sam. Na kira ƙanena raina a ɓace, domin tambayoyin gwajin jarrabawa da muka yi sati uku muna shigarwa suna ciki. Allah ya taimaka yana da kwafi. Yanzu mun saita ta yadda ba ta rubuta komai a memorin sai mun ba ta izini, kuma akwai memori na biyu a aljihuna. Duk mai son yin irin wannan, ya fara da caja mai kyau kafin komai. Cinta dai kaɗan ne, ba ta kai wat 10 ba.

Hunturu ya cika mata ciki da ƙura, na riƙa sharewa da gashin kaza. Bazara kuma, a ƙarƙashin kwano, zafinta ya riƙa kaiwa digiri 80, inda take rage gudu da kanta don kada ta lalace. 'Yar fanka da saukar da ita kamu biyu daga rufi suka gyara wannan. Agogo kuma ba ta riƙewa in an kashe ta, sai ta samu intanet take daidaita lokaci. Raspberry Pi 5 ta 2023 ta zo da agogonta.

Abin da ya sa ban yi nadama ba kuwa, ba intanet ba ne. Data tana da tsada, yara goma in suka hau, kafin la'asar ta ƙare. Ƙanena ya zuba mata Kiwix, manhajar da ke ajiye Wikipedia ɗungurungum a cikin memori, ta Hausa da ta Turanci. Muka ƙara tambayoyin gwaji da ni da abokan aikina muka rubuta, masu zaɓin amsa da ƙidayar lokaci. Duk wannan ba ya cin ko kwabo na data. Ko an cire modem, ko sabis ya ɗauke kwana biyu, waya tana kama waifai ta buɗe su nan take, domin daga zaure suke fitowa, ba daga wata ƙasa ba. Bayan isha'i sai ka ga tabarma cike, waya ɗaya kai uku. Wani yaro da bai taɓa ɗaga hannu a aji ba ya tare ni ya ce, "Malam, a ƙara mana na lissafi, waɗannan mun haddace su." Wani dattijo ma ya sa jikansa ya karanta masa tarihin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Hausa, yana saurare yana gyara masa kiran sunaye.

Wanda intanet kawai yake son rabawa, ya sayi rauta ta kasuwa mai cin layi, ta fi sauƙi, ta fi nisa, ba ta buƙatar ƙane mai ilimin Linux. Wanda yake son ɗakin karatu da zai zauna a garinsu ko da data ko babu, wannan ce tasa, muddin akwai wanda zai iya kira in ta rikice.

Abin da ya rage min shi ne 'yan mata. Ba za su zo zaure su zauna cikin samari da dare ba, siginar kuma ba ta kai musu cikin gidaje. Na yi magana da mai unguwa, ya yarda a kafa ta biyu a Islamiyyar mata, kuma ina son a gama kafin damina ta sauka, lokacin da sandar modem ɗin ma za ta buƙaci saukewa duk sa'ad da hadari ya haɗo.