Daga Faransa zuwa Tawa: maganar ruwan shan Inna

Yaya, ina gaisuwa. Yaya gida, yaya zafi? A gaishe mini da Inna da yara.

Kin tambaye ni aikin da nake yi a gidan tsofaffi. Wallahi rabinsa ba da ruwa ne. Mutanen nan sun ga tashin hankali a watan Agustan 2003, zafi ya kashe musu mutum kusan dubu 15, mafi yawansu tsofaffi. Daga nan aka wajabta wa kowane gidan tsofaffi ya tanadi ɗaki mai sanyi da shirin abin da za a yi in zafi ya taso. Irin zafin kuwa shi kuke sha kowace shekara a Afrilu da Mayu.

Likitocin nan sun koya mana cewa tsoho ba ya jin ƙishirwa yadda yaro ke ji, jikinsa na bushewa bai sani ba. Sai fitsari ya yi ja, baki ya bushe, ya fara rikicewa, a gida mu ce tsufa ne.

Kaya kam suna da su. Akwai kofi mai hannu biyu, akwai garin da ake zuba wa ruwa ya yi kauri kamar koko saboda masu ƙwarewa wajen haɗiya, kuma mukan rubuta abin da mutum ya sha, ana neman wajen lita ɗaya da rabi a yini. Hannu ne ya yi kaɗan. Sai in shiga ɗaki in tarar da kofi cike a gefen gado, ruwan ya ɗumame, tsohuwa na kallonsa ba ta iya kai hannu. Wannan abu na cin raina, Yaya.

Ku hannun kuke da shi, ga ruwan randa, ga fura da nono. Amma kin san Inna da kara, ba za ta ce a kawo mata ba. Da yamma ma da gangan take rage sha don gudun fita bayan gida cikin dare, to a ajiye mata fo a ɗaki. Ki sa ɗaya cikin jikokinta ta riƙa kai mata moɗa bayan kowace salla, ta zauna har ta shanye. In kun koma likita ku tambaya ko maganin hawan jininta na sa yawan fitsari. Kuɗin da na turo, a cire na kankana a ciki.