Milhul laimun na leda da na buhu: wanne ke yin garin fawwar a Jidda

Milhul laimun, wato farin tsamin nan da Turawa ke kira citric acid, iri biyu ake samu a kasuwannin Jidda, kuma na gwada su duka wajen haɗa garin fawwar, wato garin sukarin nan mai tsami da yara ke lasa yana tafasa musu a harshe, ko a zuba shi a ruwan sanyi ya taso da kumfa. Akwai na buhu, mai manyan ƙwayoyi kamar ƙanƙara, wanda masu addara, wato shagunan kayan yaji da ƙamshi, na Bab Makka da Balad ke auna wa mutum. Akwai kuma na leda a liƙe, mai ƙananan ƙwayoyi kamar farin sukari, da ake jerawa a sashen kayan kek na manyan kantuna. Na buhu ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma in tsamin miya ake nema ko wanke butar shayi da ta yi farin tsatsa, babu dalilin kashe kuɗi a kan na leda. Amma ga wannan gari, na buhu ya ba ni kunya sau uku cikin haɗi huɗu. Na leda bai taɓa ba.

Sunan da Larabawa suka sa masa ma, mai nufin gishirin lemo, yaudara ce, domin ba gishiri ba ne, kuma ba daga lemo ake tatso shi yanzu ba. A 1784 ne wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Scheele ya fara fitar da shi daga ruwan lemun tsami, amma tun da James Currie ya nuna a 1917 cewa wata baƙar fumfuna tana cin sukari ta fitar da wannan tsami, masana'antu suka koma can. A jikin leda za ku ga lambarsa E330. Abokin aikinsa bikarbonat, wanda a gida Najeriya ake kira bakin soda, lambarsa E500.

Muddin su biyun suna bushe, ko shekara za su yi a kwalba ɗaya ba ruwan wani da wani. Da zarar ruwa ya taɓa su, ko yawun baki ne, sai su narke su haɗu, su ba da abu uku: iskar kabon dayoksaid wadda ita ce kumfar, da wani gishiri mai ɗan bauri, da kuma ruwa. Na ukun nan shi ne masifar. Haɗin da kansa yake haifar da ruwa, ruwan ya narkar da ƙwayoyin da ke kusa, su ma su haifar da nasu, haka har garin ya mutu. Shi ya sa ɗigon danshi ɗaya ya isa ya kashe kwalba guda cikin kwana biyu ko uku.

To na buhun da na samu yana ɗauke da ruwansa a cikin jikinsa. Wannan tsami kala biyu ake yin sa: akwai busasshe sarai, akwai kuma wanda kowace ƙwayarsa ta riƙe ruwa a ciki, kusan kashi 9 cikin ɗari na nauyinsa. A ido ba za a gane ba, a hannu ma a bushe yake. Sikeli ne ke tona masa asiri. Na shimfiɗa gram 100 a farantin gilashi, na sa a oben mai zafin digiri 55 zuwa 60 na wasu awanni, ƙwayoyin suka bar sheƙi suka koma fari fat kamar alli, da na mayar kan sikeli sai ga gram 92. Na leda da aka yi wa haka ko gram ɗaya bai rage ba. Ƙari a kan haka, buhun addara a buɗe yake yini guda, kuma kowa ya san iskar Jidda a watan Agusta da Satumba, lokacin da gilashin mota ke yin gumi da sassafe. Wanda ke Makka ko Madina ko Riyad ba zai sha wannan wahalar kamar mu ba, domin iskarsu a bushe take.

Ana iya gyara na buhu da wannan busarwar, amma sai obenku yana sauka ƙasa sosai. Yawancin masu gas ba sa yi, kuma in zafin ya haura digiri 70 da wani abu ƙwayoyin sukan yi laushi su manne su zama dutse. Kada a yi amfani da tiren alminiyam ko na ƙarfe, tsamin yana cin su. Bikarbonat kuwa kada ya kusanci oben ko kaɗan. Daga wajen digiri 50 yake fara sakin iskarsa yana rikiɗa zuwa sodar wanki, kuma ɗanɗanon sabulu ke biyo baya.

Lissafin awo ba shi da wuya. Gram 192 na busasshen tsami ne ke cinye gram 252 na bikarbonat daidai wa daida, wato kowane gram 1 na tsami yana buƙatar gram 1.3. In mai ruwa ne a jiki, gram 210 ne ke cinye 252 ɗin. Sai dai wanda ya bi wannan lissafi sak zai sami abu mai kama da Eno, wanda aka haɗa don ya kwantar da ƙwannafi: kumfa ta tashi, ta faɗi, a bar mutum da ruwan gishiri-gishiri. Garin lasa yana son tsami ya yi saura bayan bikarbonat ya ƙare. Awon da ya zauna mini shi ne sukari gram 100, milhul laimun gram 8, bikarbonat gram 6. Gram 6 ɗin zai cinye wajen 4.6 na tsamin, ragowar 3 da ɗoriya su ne ke sa yaro ya runtse ido yana murmushi. Mai son tsami sosai ya kai shi 10. Kada dai a taɓa barin bikarbonat ya rinjaya, in ba haka ba bakin mutum zai yi santsi kamar ya tauna sabulun wanka.

Da cokali ba a samun wannan awon. Cokalin shayi ɗaya shafe na bikarbonat yana kai gram 5 ko ƙasa kaɗan, amma na tsami ya danganta da girman ƙwaya, manyan ƙwayoyi suna barin rami a tsakaninsu. Sikelin kicin mai tsallen gram ɗaya-ɗaya ma bai cika wadatarwa ba in haɗin ƙarami ne. Ƙaramin sikelin aljihu irin na masu zinari, mai nuna 0.1, shi ne ya dace, kuma ba shi da tsada.

Wajen niƙa ne na leda ya sake yin gaba. Ƙwayoyinsa ƙanana ne, daƙiƙa goma a injin niƙa gahawa sun mai da shi gari. Na buhu sai an fara daka shi a turmi, kuma ko an niƙa akan sami tsakuwa-tsakuwa da ke tsira, waɗanda in suka sauka a harshe sukan ƙona wuri ɗaya kamar an ɗiga ruwan zafi. Kowane abu a niƙa shi daban. In an kashe injin a jira minti biyu kafin a ɗaga murfi, domin ƙurar tsamin in ta shiga hanci ko ido, atishawa da hawaye ne. Injin da aka saba niƙa hel, wato 'ya'yan ƙamshin da ake kira cardamom, da gahawa a cikinsa zai ba garin ƙamshinsu. Hel ɗin ba laifi, ni har ina so, amma gahawa ba ta tafiya da tsami. A niƙa ɗan cokalin shinkafa a ciki tukuna a zubar, a goge da busasshen tsumma.

Sai a raba sukarin biyu. Rabi a gauraya da tsami, rabi da bikarbonat, sannan a haɗa su a tankaɗe da rariya mai laushi sau uku. Sukarin yana shiga tsakaninsu kamar mai rabon faɗa. A yi aikin a ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ta jima tana aiki, saboda tana tsotse danshin iska, ba a kicin da tukunya ke tururi ba. Kwano da cokali da rariya duk su bushe ƙayau.

Batun sukari yana da ɗan zaɓi. Sukkar budra, wato niƙaƙƙen sukari na kanti, yawanci ana sa masa ɗan sitaci don kada ya dunƙule, kuma wannan sitacin yana taimakon garin lasa, yana shanye ɗan danshin da ya ɓuya. Amma in a ruwa za a zuba, sai ya bar kofin da hazo da ɗan laka a gindi. Don sha, gara a niƙa farin sukari a gida a bar shi ya huce kafin a haɗa.

Kafin a cika kwalba akwai gwajin da ba ya ƙarya. A ɗebi cokali biyu na garin a sa a ƙaramar leda mai zif, a matse iskar ciki, a rufe, a ajiye har gobe. In da safe ledar na nan a kwance, garin lafiya lau. In ta kumbura kamar fanke, aiki ya riga ya fara a ciki, sai dai a shanye shi a ranar. Da na buhun da ba a busar ba, ledar ta kumbura kafin la'asar ma, garin ya yi dunƙule-dunƙule, in an matsa da yatsa yana da sanyi da damshi. Sanyin nan ba na firji ba ne. Haɗin yana jan zafi daga abin da ke kewaye da shi, shi ne kuma dalilin da ya sa garin ke sanyaya harshe.

Ɗanɗano dole ya zama busasshe. Ruwan wardi, ruwan kala, ko Vimto ɗin kwalba da ba a raba teburin buɗa-baki da shi a nan, duk ba sa shiga cikin garin, sai dai a zuba su a kofi lokacin sha. Garin citta rabin cokalin shayi a gram 100 yana yin daɗi. Baƙin lemun nan busasshe da ake sa wa kabsa, shinkafar Larabawa, in an cire 'ya'yan aka niƙa aka tankaɗe, yana ba da ƙamshi mai kyau, amma kaɗan ake sawa don yana da ɗaci. Garin kwalba da nono, wato farin garin 'ya'yan kuka da 'yan Sudan ke kira gongoles, yana da nasa tsamin, don haka a rage milhul laimun da gram 1 ko 2. Haka ma garin lemo na Tang, da sukarinsa da tsaminsa yake zuwa.

Wanda ya fi burge ni shi ne zoɓo, karkade a bakin mutanen nan. A niƙa gram 5 ya yi laushi sosai a tankaɗe. Bayan launi da ɗanɗano, yana zama ɗan sandan awo. Launin zoɓo ja ne jawur a cikin tsami, amma in bikarbonat ya rinjaya sai ya juya ya koma shuɗi-shuɗi mai duhu, har ya yi kamar toka. A zuba cokali ɗaya a rabin kofin ruwa a jira kumfa ta kwanta. In ruwan ya tsaya ja, awo ya yi. In ya dushe, a ƙara tsami.

Wanda ke tsammanin zai sami gas irin na lemon kwalba ya rage buri. Gram 1 na bikarbonat yana ba da iska wajen mililita 290. Gram 25 na garin nan a kofi mai mililita 250 yana da bikarbonat gram 1.3, iskar ba ta kai mililita 400 ba, kuma yawancinta tserewa take yi ta sama a minti na farko. Lemon kwalba da ƙarfi ake cusa masa iskar da ta ninka girman ruwansa sau uku ko fiye. Abin da ke taimakawa shi ne sanyi: ruwan firji yana riƙe sama da ninki biyu na iskar da ruwa mai zafin digiri 30 ke riƙewa, kuma ruwan tankin saman bene a Jidda ya wuce haka da rana. A zuba ruwan tukuna, gari a kai, a juya sau biyu, a sha. In an ƙara bikarbonat don neman kumfa, gishirin ne zai fito.

Ga masu hawan jini, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin bikarbonat sodiyam ne, wato kofin nan yana da wajen miligram 360, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai miligram 2,000 a yini. Kada a sha shi a kan cikin da ya cika maƙil, kamar bayan an yi wa sambusa da shurba dirar mikiya da magariba, domin iskar a ciki za ta ƙarasa fita. Tsamin kuma yana cin haƙori in yaro ya yini yana lasa. A ba shi a ɗan murfi ya gama lokaci ɗaya, ya kurkure baki da ruwa, a jinkirta buroshi ko asuwaki na rabin awa. Ƙananan yara da ba su iya lasa a hankali ba sukan shaƙe shi su ƙware, nasu a ruwa ya kamata.

Akwai ruɗanin da ke faruwa a gaban buhunan addara, inda babu rubutu. Alif, wanda suke kira shabba, yana kama da manyan ƙwayoyin milhul laimun ƙwarai, farin magi kuma yana kama da ƙananan. Kanwa, atrun a wajensu, ba ta maye gurbin bikarbonat, domin gauraye take da gishiri da ƙasa kuma ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga wannan dunƙule zuwa wancan. Bekin fauda ma ba shi ba ne, shi da tsaminsa da sitacinsa yake tafe. Na leda ya raba mutum da duk wannan, ga suna, ga ranar ƙarewa. Sai dai a duba a tabbata an rubuta na abinci ne, don akwai wanda ake sayarwa a sashen kayan wanke-wanke.

Aibin na leda ɗaya ne da na gani: yawancin ledojin ba su da zif, in an yanke baki shi ke nan, kuma a Jidda mako biyu sun isa ya fara ƙanƙarewa. Ranar da aka buɗe a juye shi a kwalbar gilashi mai murfin roba. Garin da aka haɗa shi ma kwalba yake so, ƙanana da yawa sun fi babba ɗaya, a manna 'yar jakar tsotse danshi irin ta cikin kwalbar magani a ƙarƙashin murfi inda yaro ba zai kai gare ta ba. Kada a sa a firji, don duk fitowa sai kwalbar ta yi gumi. Haɗin na leda da na ajiye haka a kabad ya kai mako shida yana tafasa a harshe kamar ranar farko, sai dai wanda aka sa wa zoɓo, shi a mako na huɗu ya fara yin ƙulalai.