Aikin wani ofishin kimanta kadara a rabon gadon kawunmu a Sakkwato

Ofishin masu kimanta kadara da danginmu suka ɗauka bayan rasuwar kawunmu, attajirin da ya bar gidaje a Mabera da Arkilla, shaguna a Babbar Kasuwa da gonakin fadama wajen Wurno, ya ci kuɗinsa da halal, ko da yake aikinsa yana da iyaka.

Shugaban ofishin, wanda ke da rajista da ESVARBON, hukumar rajistar masu kimanta kadara ta Najeriya, ya fara da warware mana ruɗani kan haraji. Harajin miƙa dukiya da gwamnatin tarayya ta kafa a 1979 an soke shi a 1996, amma rajistar babbar kotu tana karɓar kuɗi gwargwadon darajar dukiya kafin ta ba da takardar izinin kula da ita, wadda bankuna ke nema kafin su saki kuɗin mamaci. Wannan ne ke sa wasu karya farashi a takarda, sai dai a ganina asarar magada ta fi ta hukuma, domin duk wanda ya ɗauki gida a rabonsa bisa farashin da aka karya ya ci haƙƙin 'yan'uwansa, har da matan marigayin da tumunin takaba kaɗai za su raba.

A nan ne suka nuna ƙwarewa. Ba su tsaya ga maganar dillalai ba, sun auna kowane fili da kansu, sun duba tsagewar bango da zubar rufi, sannan suka kwatanta da cinikin gidajen maƙwabta. Gidan Arkilla, wanda wani dillali ya yi wa kuɗi da araha, ya fito kusan ninki biyu, kuma da aka kai rahoton kotun shari'a babu wanda ya iya ƙaryata shi.

Rauninsu shi ne dukiyar da aka ɓoye, domin abin da aka nuna musu kawai suke yi wa kuɗi. Shanun da ke hannun makiyaya da filaye masu takardar ciniki kawai da aka saya da sunan yaran shago ba su shiga rahotonsu ba sai da dattawa suka ba da shaida, hannun jarin kamfani kuwa lauya ne ya gano shi a rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Ladansu ma yana hawa da darajar kadara, saboda haka ya kamata a rubuta yarjejeniyarsa tun kafin su fita awo.