Naira 85,000 a Kan Manhajojin Kyauta da na Sata: Gargaɗi ga Masu Shagunan Kwamfuta

Assalamu alaikum. Wannan gargaɗi ne ga masu shagunan buga takardu da duk wanda ya saba neman taimako a zaurukan WhatsApp idan kwamfutarsa ta ba shi matsala. Akwai wani mutum da yake zaune a irin waɗannan zaurukan yana kiran kansa injiniya, kuma ya karɓi naira 85,000 daga hannuna a kan manhajojin da masu su da kansu suke bayarwa kyauta da kuma wasu na sata, sannan ya jawo mini asarar ayyukan mutanen da suka ba ni amana. Naira 85,000, a wannan yanayi da ake ciki, daga shagon da ake buga shafi ɗaya ana lissafin kuɗin takarda da tawada da man janareta. Ba zan rubuta sunansa ba tukuna saboda na riga na kai ƙara, amma hotunan hirarmu da rasit ɗin kowane kuɗin da na tura suna nan a ajiye, kuma zan sanya su da zarar na rufe lambobin da bai kamata kowa ya gani ba.

Tun kafin wani ya fara ce mini ai da na bincika, ina so a san cewa ni ba baƙon kwamfuta ba ne. Na daɗe ina wannan sana'a a Zariya, tun lokacin da Windows XP ke tashe, kuma ni nake gyara ƙananan matsalolin shagona da hannuna. Mutumin nan bai zo mini da siffar ɗan damfara ba. Watanni ya yi yana amsa tambayoyin mutane a zauren, amsoshi masu ma'ana, kuma dattawan zauren suna yi masa godiya a bainar kowa. Ranar da na fara magana da shi, wata takardar Hausa ce aka kawo mini, haruffa masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, suna fitowa a matsayin ƙananan akwatuna idan an buga. Ya bi ni ta saƙon sirri, ya nuna mini yadda zan sauya zubin haruffan, matsalar ta kau nan take. Na ce ya turo lambar asusu in ba shi na kati, sai ya ce: "Haba Malam, don Allah na yi. Ba komai ake karɓar kuɗi a kansa ba, ka dai sa ni a addu'a." Wannan maganar ita ce nake ta juyawa a raina har yau. Mutum ya yi maka aiki, ka miƙa masa kuɗi da kanka, ya ƙi karɓa, ya ce addu'a yake so. Wane ne a cikinku zai zarge shi a wannan lokacin?

Kuɗin da suka fi yi mini ciwo su ne naira 30,000 na dawo da fayiloli, ko da yake ba su ne na farko ba. Yaron shagona ya goge wani babban fayil bisa kuskure, ya kuma share kwandon sharar kwamfutar, inda fayilolin da aka goge suke taruwa, alhali a cikinsa akwai kundayen kammala karatu na ɗalibai, wasu an gama bugawa ana jiran gyaran malamansu ne kawai. Hankalina ya tashi, na kira injiniyan. Ya ce akwai wata manhaja ta ƙwararru mai suna Recuva, lasisinta da dala ake saye, amma saboda mutunci zai saya mini a kan naira 30,000. Na tura. Ya sa na sauke AnyDesk, wadda ake shiga kwamfutar mutum daga nesa da ita, na karanta masa lambar da ta fito a allon, na danna amincewa. Ina zaune hannuna ba ya kan linzami, ina kallon kibiyar tana yawo ita kaɗai, tana buɗe wannan tana rufe wancan, shi kuma yana ce mini a waya: "Malam ka kwantar da hankalinka, in sha Allahu ko shafi ɗaya ba zai ɓata ba." Ni kuwa har albarka nake sa masa.

Abin da ya yi a wannan zaman shi ne ya kashe fayilolin gaba ɗaya. Idan aka goge fayil, ba nan take yake ɓacewa daga ma'ajiyar kwamfuta ba. Ana dai yi wa gurbinsa alama ne cewa babu kowa a ciki, kuma duk sabon abin da aka rubuta a ma'ajiyar yana iya hawa kansa. Saboda haka ƙa'idar ita ce a daina amfani da ma'ajiyar, a kunna manhajar ceto daga filas ko daga wata kwamfutar, a kuma zuba abin da aka ceto a wani wuri daban. Shi kuwa a kan wannan ma'ajiyar ya sauke Recuva, a kanta ya ɗora ta, a kanta ya zuba abin da ya ce ya ceto, bayan ya sauke wasu manyan abubuwa da ban san ko mene ne ba. Fayilolin sun dawo da sunayensu, har na yi hamdala, amma da na buɗe su sai tarkacen alamomi marasa ma'ana. Kuma Recuva ɗin da ya ɗora mini ta kyauta ce, wadda kowa zai iya saukewa daga shafin masu ita ba tare da ya biya ko kobo ba. Naira 30,000 ke nan.

Kafin wannan, akwai naira 15,000 na abin da ya kira kunshin manhajoji masu lasisi. Ya ce shago irin nawa bai kamata ya riƙa aiki da kayan sata ba, kuma wannan maganar ta shige ni, domin ni ma ba na son haram a cikin sana'ata. A cikin kunshin akwai VLC na kallon bidiyo, wanda ƙungiyar VideoLAN ta Faransa take bayarwa kyauta. Akwai 7-Zip, wanda Igor Pavlov ya fitar tun 1999 kuma bai taɓa zama na kuɗi ba. Akwai LibreOffice, shi ma kyauta ne. Akwai WinRAR, wanda shi kam na kuɗi ne, amma ana ba kowa kwana 40 na gwaji, kuma na gwajin ya ɗora mini, domin yanzu kullum na buɗe shi sai ya tuna mini cewa ban biya ba. Har da abin da ya kira allon rubutun Hausa na musamman, wanda ashe Keyman ne, manhajar da SIL take rabawa kyauta, alhali ma Windows 10 da kansa yana ɗauke da tsarin rubutun Hausa a cikin saitin harsuna. Mutumin nan ya ɗebi ruwan rijiyar gidana ya sayar mini, ina yi masa godiya.

Na san da VLC, kada wani ya ɗauka ban san da shi ba. Abin da ya ce mini shi ne akwai na gida akwai na kasuwanci, kuma duk wanda yake karɓar kuɗin jama'a da kwamfuta dole ya mallaki na kasuwanci. Wannan ba maganar banza ba ce a kan kanta, domin akwai manhajoji da dama da suke da irin wannan sharaɗi, har da AnyDesk ɗin da ya yi amfani da ita. Ya ɗauki gaskiya ya lulluɓe ƙarya da ita, shi ya sa ta shige. VLC da 7-Zip da LibreOffice ba su da wannan rabuwar ko kaɗan.

Sai naira 40,000 na Windows da Office a kan kwamfutoci uku. Ya tsorata ni da ranar 14 ga Oktoba, 2025, ranar da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, ya ce daga ranar za a fara kulle kwamfutocin da ba su da sabon lasisi. Ranar gaskiya ce, kullewar ƙarya ce: abin da ya tsaya shi ne sabuntawar tsaro da ake turowa, kwamfuta kuwa tana ci gaba da aiki, kuma wadda take da lasisi na gaske ta kuma cika sharuɗɗa tana hawa Windows 11 kyauta. Ya yi mini alkawarin lasisi na har abada. Da zai ɗora, ya ce in kashe manhajar kariya ta Windows na ɗan lokaci saboda wai tana rikici da saba, wato babbar kwamfutar kamfani. Na tambaye shi dalili, wallahi na tambaye shi, kuma saƙon yana nan a cikin hotunan da zan sanya. Ya ce: "Malam, ni zan cuce ka? Ka manta ranar da na ƙi karɓar kuɗinka?" Da wannan ranar ya ɗaure ni. Tun farko ashe jari ya zuba da ya ƙi karɓar na katin nan.

Asirin ya tonu ne ta hannun wani ɗalibi mai karatun kwamfuta da ya zo karɓar aikin ƙanwarsa, ɗaya daga cikin kundayen da suka lalace. Cikin ladabi ya ce: "Baba, ka ba ni izini in duba." Ya rubuta wani gajeren umarni, sai ga ƙaramin akwati ya fito ɗauke da ranar da lasisin zai ƙare. Ya yi mini bayani cewa wannan tsarin KMS ne, wanda aka yi domin manyan ma'aikatu, yana aiki kwana 180 ne sannan a sabunta, kuma masu satar manhaja suna kwaikwayonsa da wata 'yar manhaja da kariyar Windows take kamawa, shi ya sa aka ce in kashe ta. Wato kuɗi na biya domin in guje wa kayan sata, aka ɗora mini kayan sata. Ya kuma tarar an saita AnyDesk da kalmar sirri ta yadda za a iya shiga kwamfutar ba tare da na danna amincewa ba, a kwamfutar da ke ɗauke da hotunan katin ɗan ƙasa da takardun makaranta na mutane da yawa. Ina tsaye a gaban yaron da na haifi kamarsa, na rasa inda zan sa fuskata.

Da na tura wa injiniyan hoton akwatin nan, ya karanta, bai amsa ba, daga baya ya toshe lambata. Da na yi magana a zauren, sai ga wasu suna biyo ni ta saƙon sirri suna cewa su ma ya karɓi nasu, amma kunya ta hana su faɗa. Da sun faɗa da naira 85,000 ɗina suna aljihuna. Naira 15,000, da 30,000, da 40,000, ban da kuɗin da na mayar wa ɗalibai, ban da daren da muka kwashe muna sake buga kundayen daga rubutun hannu, ban da sake ɗora Windows a kan kwamfutocin uku daga tushe.

Ku sauke manhaja daga shafin masu ita kawai. Kada ku ba kowa lambar AnyDesk ko TeamViewer, wadda ita ma irin aikinta take yi, idan ba ku san shagonsa da fuskarsa ba, kuma duk wanda ya ce ku kashe kariyar kwamfuta ku katse wayar. Wanda mutumin nan ya taɓa shiga kwamfutarsa ya cire AnyDesk yau, ya sauya kalmomin sirrinsa daga wata na'urar, sannan ya tuntuɓe ni da rasit ɗinsa domin mu haɗa ƙarar wuri ɗaya. Ni dai ban yafe ba, kuma hotunan suna zuwa.