Kwamfutar yaran da aka ce mini an kulle ta tsaf

Ba zan kira sunan shagon ba, amma duk mai shiga layin 'yan kwamfuta a Kano ya san irinsu: laftof ɗin Beljiyam jere a cikin gilashi, yara matasa zaune da sukundireba, janareta na ta ruri a baya. Abin da ya bambanta wannan shagon da sauran shi ne wani ƙarin aiki da suke tallatawa, wai shirin yara. Ka sayi kwamfuta, ka ɗora wani abu a kan kuɗinta, su tsara maka ita yadda yaro zai yi karatu ba tare da ya faɗa inda bai kamata ba. Farashin laftof a yanzu kowa ya san yadda yake, ba sai na tayar wa kowa da hawan jini ba. Kuɗin shirin ne nake kuka da shi.

Babban ɗana yana aji uku na ƙaramar sakandare. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta ta kwamfuta gaba ɗaya, kuma na ga 'ya'yan maƙwabta masu ƙoƙari da suka shiga ɗakin jarrabawa hannu na rawa a kan maus, lokaci ya ƙare suna neman inda za su danna. Ban so nawa su yi haka. Sannan ina so in raba su da wayata, wadda kullum sai na tarar an cinye mini data. Da na je ɗaukar kayan, saurayin da ya yi aikin ya buɗe ta a gabana, ga hoton zaki da giwa a fuskar allo, ga wani asusu an rubuta masa "Yara". Ya ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, na kulle ta tsaf. Ko Shaiɗan ne ya zo sai ya nemi izini." Muka yi dariya, na biya, na ƙara masa na ruwa.

Wata ranar Asabar bayan Magariba, autata mai shekara bakwai tana zaune a tabarma da kwamfutar a gabanta tana zanen gida da bishiya. Kakarsu, uwar maigidana, tana gefenta da carbi a hannu tana kallo, har tana cewa a sa wa gidan ƙofa shuɗiya. Na kunna musu intanet daga wayata don yayanta ya ce zai duba wani aikin makaranta in ta gama. Ina kicin ina kwashe tuwo na ji salati da ƙarfi. Na fito a guje da mara a hannu, na zaci wuta ce ta ja yarinya. Ashe wani ɗan akwati ne ya ɓullo daga kusurwar allo ta ƙasa, hoton mace kusan tsirara, da rubutun Turanci wai tana kusa da unguwarmu tana jira. Yarinya ta danna don ta rufe, sai wani ya buɗe, wannan na caca ne, ƙwallo da kuɗi na ta yawo. Ta sake dannawa, na farkon ya dawo, ya ma fi girma.

Inna ta sa tafin hannu ta rufe wa yarinyar ido, ɗaya hannun kuma ta kife murfin kwamfutar da ƙarfin da na ɗauka allon ya tsage. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Kallona kawai ta yi ta ce, "Wannan ne karatun da kika sayo musu?" Na rasa bakin magana. Yarinyar kuma ta fashe da kuka don ta ɗauka ita ta yi laifi, tana ta rantsuwa ba ta taɓa komai ba. Maigida ya dawo daga masallaci ya tarar da gida tsit, tuwo ya huce, uwarsa ta shige ɗaki. Daren nan sai da maganar ta kai ga a mayar da kwamfutar ko a ba wa wani. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, don a wayata dai ba su taɓa ganin irin wannan ba.

Da na koma shagon, ko kunya babu a idon yaron. "Hajiya, ai bairos ne, yaranki ne suka danno shi." Na ce to kullewar da na biya kuɗinta fa, ta mece ce? Ya ce zai goge mini, amma sai na sayi wata manhajar kariya, kuɗinta daban. Na ɗauki kayata na fito.

Ƙanwar maigidana ce, wadda ta karanci kwamfuta a jami'a, ta zauna ta tona asirin aikin. Asusun nan na "Yara" cikakken iko aka ba shi, irin na mai kwamfuta, wato yaro na iya saka abin da ya ga dama ya cire abin da ya ga dama. Ba a haɗa shi da kowane tsarin kulawar iyaye ba. Lambar sirrin asusuna kuwa 1234 ce, wadda ɗana ya ce shi tun ranar farko ya canka. Abin da ya fi ɓata mata rai shi ne Windows Defender, mai gadin da ke zuwa kyauta tare da Windows, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, a kashe yake. Kashe shi aka yi da gangan don a samu a cusa manhajar rubuta takardu ta Office ta sata da wata 'yar manhajar da ke yaudarar Windows ta ɗauka an biya lasisi, domin mai gadin ba ya barin irinsu su zauna. A burauza kuma, wato manhajar shiga intanet, ta tarar da jerin shafukan da aka ba izinin turo sanarwa, shafukan da ake sauke kayan sata ne, kuma kwanan watan da aka ziyarce su ya riga ranar da na karɓi kwamfutar. Yarana ba su danno komai ba. Daga shago ta taho da cutarta.

Ta goge komai ta sake zuba Windows mai tsabta, sai ga shi ya kunna lasisinsa da kansa, don irin waɗannan laftof ɗin na ofisoshin Turai galibi lasisinsu na manne a cikin injin tun daga kamfani. Ke nan satar ma ba a buƙace ta ba. A madadin Office ta saka LibreOffice, kyauta ne kuma yana buɗe takardun makaranta lafiya lau. Ta buɗe wa kowane yaro asusunsa marar ikon saka manhaja, ta haɗa su da Microsoft Family Safety. Yanzu ƙarfe tara na dare kwamfutar ke rufe kanta, in babban yana son ƙarin lokaci saƙo ne ke shigowa wayata in amsa ko in ƙi, kuma duk mako ina samun rahoton inda suka shiga. Ta ja mini kunne cewa tacewar shafuka a burauzar Edge take aiki, don haka kada in bari a saka wata. Sannan ta canza wani adireshi da ake kira DNS zuwa 1.1.1.3 na kamfanin Cloudflare, wanda ke toshe shafukan batsa da na cuta tun kafin su buɗe. Duk wannan tsakanin Azahar da La'asar ta gama shi, sisi ba ta kashe ba.

Amma in zan faɗi gaskiya, yaron shagon ba duka ya ɓata ba. Manhajojin karatun da ya zaɓa masu kyau ne, har ƙanwar tamu ta rubuta sunayensu kafin ta goge ta sake sauke su daga inda ya dace. Akwai GCompris mai wasannin koyo fiye da 100 na yara 'yan shekara 2 zuwa 10, a nan auta ta koyi karanta agogo, abin da na yi ta fama da ita a kai. Akwai Tux Paint da take zanen nan. Akwai Tux Typing, inda kifaye ke faɗowa daga sama kowanne da harafi a jikinsa, sai ka buga harafin sannan wani tsuntsun ƙanƙara yake samu ya cinye kifin. Babban da ke buga rubutu da yatsa ɗaya yanzu yana yi ba ya kallon hannunsa sosai. Ya saka Scratch ma, na jami'ar MIT ta Amurka, da yara ke harhaɗa ƙananan wasanni da kansu. Wanda ya fi burge ni shi ne Kiwix, da ke ajiye Wikipedia a cikin kwamfuta a karanta ba intanet, har da ta Hausa. Inna da kanta, bayan ta huce, ta sa jikanta ya karanto mata tarihin Shehu Usman Ɗanfodiyo da yadda aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, tana gyara masa kiran sunayen garuruwa. Duk waɗannan ba sa cin data. Wanda ya san ya zaɓo su ba jahili ba ne, kuma saboda haka har na fara tunanin in sassauta masa.

Sai na tuna maganar Windows. Na tambaye shi a shago ko ta zamani ce, ya ce sabuwa dal. Windows 10 ce, wadda Microsoft ta daina yi wa sabuntawar yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, kuma ƙwaƙwalwar injin samfurin Intel ce ƙarni na shida, alhali Windows 11 daga ƙarni na takwas take karɓa a hukumance. Ya sani sarai, bai faɗa ba. Batirin da ya rantse yana awa huɗu, in aka ɗauke wuta da kyar yake kai yaro ƙarshen darasi guda. Na aika masa saƙo da hotunan duk abin da aka gano, na ce ba kuɗin kwamfuta nake nema ba, na shirin yaran kawai zai mayar mini tunda ba a yi shi ba. Ya karanta, ya turo mini hannu biyu na roƙo da "Allah Ya huci zuciyarki Hajiya", ya ce in aiko yaro ya karɓi maus kyauta. Maus muna da shi, shi ya sayar mana. A ma'aunin yabo, tauraro biyu na ba shagon, ɗaya na kifayen nan ne, ɗayan kuma don allon bai tsage ba da Inna ta kife shi.